Ƙarfen Dogo a Ɗakin Barira

Iskar da ta buɗe daminar 1981 a Minna ba ta daɗe ba, amma kafin ta wuce ta yaye rufin gidaje masu yawa a unguwar Limawa. Da gari ya waye, ga kwanon rufi rataye a kan bishiyoyin mangwaro, wani ya naɗe jikin turken lantarki kamar tabarma, mata kuma na shanya katifu da buhunan hatsi a bakin titi.

Limawa tsohuwar unguwa ce. Kakannin mutanenta sun biyo layin dogon da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, suka zauna, suka yi gini irin na garuruwansu: bangon ƙasa, soro a kan azara. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a Fabrairun 1976, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, sai kowa ya shiga sauke soro yana ɗora kwano a kan tsohon bango. Iska kuwa ba ta da abin wasa kamar kwanon da aka ɗora cikin gaggawa.

Mai unguwa ya sa aka yi shelar gayya, aka kuwa amsa. Mutane suka zo daga Tudun Fulani da Bosso, har da 'yan dako daga tashar jirgi, wani da guduma, wani da tsani, wani da ƙarfin kafaɗarsa kawai. Mudi kafinta aka damƙa wa jagorancin masu rufi, kuma ƙa'idar da ya gada ita ce a fara da gidan da babu namiji a cikinsa. Ƙa'idar nan ce ta kai su gidan marigayi Ayuba tun da hantsi, a nan kuma aikin ya cije.

Ayuba shi ne maigidan Mudi, a hannunsa ya koyi riƙon zarto. Ya rasu cikin rani, ya bar matarsa Barira, dattijuwar da 'ya'yanta duka suka riga ta gidan gaskiya, tana takaba a ɗakin da aka kawo ta tana amarya. A saman ɗakin nan, daga bangon gabas zuwa na yamma, an gitta ƙarfen dogo, irin wanda jirgin ƙasa ke bi ta kai. Mahaifin Ayuba ne ya samo shi cikin tsofaffin ƙarafan da aka yar a bayan tasha, ya ɗora masa nauyin soro. Da Ayuba ya sauke soron bai sauke ƙarfen ba. Maimakon ya danne sabon kwanonsa da duwatsu kamar maƙwabta, sai ya ɗaure katakon rufin a jikin ƙarfen da waya, yana cewa iskar da za ta ɗauki rufinsa sai ta fara ɗaukar reluwe. Iskar ba ta ɗauki ƙarfen ba, amma ta gwada. Kafin wayar ta tsinke, ta fizge shi daga mazauninsa, har abin da ya rage na bakinsa a kan bangon gabas bai fi faɗin tafin hannu ba. Bangon kansa ya tsage daga sama har kusa da ƙasa.

Barira na zaune a ƙarƙashin ƙarfen nan, ta ƙi fita.

Mai takaba ba ta magana da namijin da ba muharraminta ba, ba a kuma leƙa ta. Don haka babu wanda ya isa ya jingina tsani a ɗakin, balle ya shiga. Mudi ya aika wasu mata, suka dawo suna girgiza kai. Ya raba mutanensa zuwa wasu gidaje, yana zaton zafin rana zai yi abin da baki ya kasa. Aka idar da azahar, ya dawo ya tarar tana nan. Da ya ɗaga kai ya dubi wajen garin Paiko, sai ya ga gindin sama ya fara baƙi.

Ya tsaya a tsakar gida yana duban tsagar. Ya san ginin ƙasa. Bangon ya sha ruwan jiya bai bushe ba, in ya ƙara shan na yau zai narke a ƙarƙashin ƙarfen kamar gishiri a miya.

Ndagi magini, mutumin Bida, ya zo ya tsaya kusa da shi da igiya a kafaɗa. Kakan Mudi Bakatsine ne, tsakanin Katsinawa da Nufawa kuwa akwai wasa, ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Bakatsine, ka daina kallon bangon nan kamar surukarka," in ji Ndagi. "Magana ɗaya ce, tun safe nake faɗa. A fitar da tsohuwa, mu ja bango waje, ƙarfe ya faɗi a ɗaki ba kowa. Bayan damina a yi sabo."

"Bawana, in ana maganar kifi za a kira ka."

"Ka kira ni yanzu. In an jima kifi ne zai yi iyo a ɗakin nan."

Mudi ya san gaskiya Ndagi ya faɗa. Wannan ce hanyar da ba za ta ci ran kowa ba. Ya bar shi ya zagaya lungu ya ɗaura igiyarsa a kan bangon.

Ana haka sai ga Ishaku, ƙanen Barira, ɗan kasuwar hatsi a Wushishi. Labarin iskar ya iske shi da safe, ya hau a-kori-kurarsa ya taho. Ya dubi bangon sau ɗaya ya dafe kai.

"Me kuke jira? Ku rushe shi! Mota na ƙofar gida. Ta ƙarasa takabarta a Wushishi, ɗakin Innarmu na nan ba kowa a ciki."

Shi muharrami ne, ya ɗaga asabari ya shiga. Suka ji muryarsa tana hawa tana sauka: "Yaya, don girman Allah. Yaya, ki dubi sama mana." Ba su ji tata ba. Ya fito zufa ta jiƙa masa wuyan riga, ya ce, "Wallahi da ba ita ta goye ni ba, da cak zan ɗauke ta."

Mudi ya aika aka kira Alfa Ndakotsu, limamin masallacin unguwar. Dattijon ya zo yana dogara sanda, ya tsaya ya ba ƙofar ɗakin baya, ya nemi wadda za ta kai saƙo. Matan da ke raɓe a bakin madafa suka dubi juna. Kowacce ta leƙa da safe ta ga ƙarfen, ba wadda ke son ta sake tsayawa a ƙarƙashinsa. Magdalene ce ta aje itacen da ke kafaɗarta ta matso. Maƙwabciyar Barira ce, 'yar Gbagyi mai sayar da doya, kuma tun da aka fara takabar ita ke kawo mata ruwa da itace. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu.

"Ki gaya wa baiwar Allah nan," in ji Alfa, yana ɗaga murya don a ji a ciki, "shari'a ta ce mai takaba ta zauna a gidan mijinta. Ba ta ce ta mutu a ciki ba. Idan ana tsoron gini zai faɗi, ta fita, babu laifi a kanta, takabarta kuma ba ta ɓaci ba. Larura tana da hukuncinta."

Magdalene ta shiga. Tsakar gida ta yi tsit, sai kukan kwanon da ke rataye a mangwaron maƙwabta, wanda iska ta fara taɓawa. Ta fito tana karkaɗe ƙasa daga ɗankwalinta.

"Alfa, Mama ya ce ya gode. Ya ce wannan karatu ya sani tun kafin ka zo Minna."

Wani daga cikin 'yan dako ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye ta da sauri. Alfa ya shafa gemu, ya ce, "To me ya hana ta?"

"Ya ce shi ba kurma ba ne. Rufi babu, bango ya bude baki, tun safe yana jin ku. Rushe, rushe, Wushishi. Ya ce in ya fita, ina zai dawo?"

Sai a lokacin Mudi ya gane. Tun hantsi suke tsaye a ƙofarta suna yanke wa ɗakinta hukunci da babbar murya, sun ɗauka tunda ba ta magana ba ta cikin shawarar. Ashe ba tsoron ɓata takaba ya zaunar da ita ba. Ta san muddin tana ciki ba mai jan igiya. Ta san kuma yadda "bayan damina" take ƙarewa: a raba gado, filin ya zama na wani, ita tana Wushishi a ɗakin da ta bari tun tana yarinya, nesa da maƙabartar da mijinta da 'ya'yanta suke. Ba ta da ɗa, ba ta da murya, jikinta kaɗai ya rage mata, shi ta kafa ta tokare ɗakin.

"Ki ce wa Inna, ni Mudi na yi alkawari ba za a rushe ba."

Ishaku ya juyo. "Kai wa ya ba ka ikon yin wannan alkawari?"

Magdalene ba ta saurare shi ba, ta shige. Wannan karon ba ta daɗe ba.

"Ya ce bakinka ya yarda da shi. Amma ku maza kuna da yawa. Ruwa ya sauko, kowa zai kama igiya, kai kana ihu ba mai ji."

Iska mai sanyi ta shigo tsakar gidan, ta kwashi ganye da ƙura ta juya su. Daga cikin tsagar aka ji ƙasa na zubowa, shaa, ta tsaya. Mata suka yi salati. Hadarin ya cinye rabin sama, tsawa na gurnani can ƙasa-ƙasa.

Akwai wata hanya, Mudi ya san ta tun safe, ya ƙi kawo ta a baki. A kafa gwafa a cikin ɗakin ta tallabi ƙarfen kusa da bangon gabas, a ja shi ta yamma, ta kan bangon da ke da lafiya, ya zame a hankali har nauyinsa ya rinjaya waje. Amma daga lokacin da bakinsa zai bar bangon gabas zuwa lokacin da zai rinjaya, gwafar ce kaɗai za ta riƙe shi, kuma gwafa ba ta tsayuwa da kanta a kan daɓen da ya sha ruwa. Sai da mutum.

Ya dubi asabarin. A bayansa ya ci tuwo shekaru, a lokacin da ba shi da ko takalmi.

"Magdalene, ki ce Inna ta ara mini wurin zamanta. Ta fita, ni in shiga. Ba zan fito ba sai ƙarfen ya fita, bango yana tsaye. Ina ciki ba mai jan igiya."

"Ka haukace, Bakatsine," in ji Ndagi, babu wasa a muryarsa. "Ƙarfen nan maza goma ba sa ɗaga shi."

"Ba ɗaga shi zan yi ba. Riƙe sanda zan yi."

"Alfa, ka yi masa magana!"

Alfa ya dubi Mudi, ya ce, "Ka san aikinka ko kana gwada Allah ne?"

"Na ga marigayi ya yi sau ɗaya, Alfa."

"Da bango tsagagge?"

Kafin Mudi ya amsa Magdalene ta ɗago asabari, ta ce, "Ya tashi tsaye. Maza su juya."

Matan suka kwance zannuwansu na sama, suka jeru layi biyu daga ƙofar ɗakin zuwa madafa, wadda gajartarta ta sa iska ta ƙyale ta. Suka ɗaga zannuwan sama da kawunansu, baki na kama baki, har aka sami lungu na atamfa a tsakar gida, iska na kumbura shi tana neman ƙwacewa. Maza suka juya suka fuskanci katanga. Rahmatu, matar Mudi, ita ce a ƙarshen layi kusa da shi. Ba ta dube shi ba, ta yi magana ta cikin haƙora.

"Maigida, in ƙarfen nan ya taɓa ka, ni ma wata huɗu da kwana goma zan zauna. Kuma kada wanda ya zo ya ce mini in fita."

Mudi ya ji takun tsohuwar a bayansa, a hankali kamar yadda mai takaba ke tafiya, ba ta ƙara sauri ko kaɗan ba duk da tsawar. Da ƙofar madafa ta rufe, gidan ya kaure da gudu.

Aka tumɓuko gwafar ƙirya daga rumfar maƙwabta. Ishaku, yana ta faɗa, ya ruga motarsa ya dawo da galan na baƙin mai, ya shafe bakin gwafar da hannunsa. Shekwolo, shugaban 'yan dako, ya jera duro-duro a gindin bangon yamma, ya hau da mutanensa suka ɗaure bakin ƙarfen da igiyoyi.

Mudi ya shiga. Ɗakin ya yi masa ƙanƙanta fiye da yadda ya sani. Ga gadon ƙarfe an lulluɓe shi da leda, ga jeren kwanoni, ga tabarmarta a tsakiya, busasshen wurin da ta zauna ya fita daban a cikin jiƙaƙƙen daɓe. Ya ɗaga kai. Daga nan ƙasa ƙarfen ya raba baƙin sama biyu, kuma ta cikin tsagar yana hango ƙafafun mutanen da ke lungu. Nan ta wuni, ita kaɗai. Ya aza guntun katako a ƙasa, ya kafa gwafar a kai, ya buga ta da guduma har bakinta ya cafki ƙarfen. Ya rungume ta, ya tokare gindinta da ƙafa.

"Bismillahi. Shekwolo, ku ja! A hankali!"

Igiyoyi suka miƙe, ƙarfen ya yi ƙara, ya motsa kamar faɗin yatsa, ya tsaya.

"Ku ja!"

"Ya ki zuwa!" in ji Shekwolo daga waje. "Waya ya rike shi!"

Ragowar wayar Ayuba ce ta maƙale a kan bangon yamma. Wani ya hau da filaya. A daidai nan ruwan ya sauko, ba da yayyafi ya fara ba, gaba ɗaya ya zubo. Mudi ya ga jan ruwa na gangarowa ta tsagar, ya ga leɓen bangon da ke ƙarƙashin ƙarfen yana duhu, yana kumbura. Daga lungu wata murya ta tashi: "Zai faɗo! A ja bangon waje kafin ya faɗa ciki!" Wasu suka amsa. Ya ga ƙafafu na rugawa wajen igiyar Ndagi. Ya buɗe baki ya yi ihu, ruwa da tsawa suka haɗiye muryarsa, shi kansa bai ji ta ba.

Sai ya ji Ndagi, da muryar da bai taɓa sanin yana da ita ba.

"Akwai mutum a ciki! Wanda ya taɓa igiyar nan sai na fasa kansa! Akwai mutum!"

Ƙafafun suka tsaya. Ta tsagar ya ga igiyar ta faɗo cikin taɓo, Ndagi ya yanke ta.

"Waya ya fita!" in ji Shekwolo. "Ja!"

Ƙarfen ya fizga. Bakinsa ya bar bangon gabas, nauyin duka ya sauka a kan gwafar. Mudi ya ji shi a haƙoransa. Katakon da ke ƙasa ya nutse cikin daɓe, gindin gwafar ya fara sulɓewa, ya danna gwiwarsa a kai, ya sa kafaɗa, ƙarfen na gurzar bakin itacen a saman kansa, baƙin mai da tsatsa na ɗiga masa a ido. Leɓen bangon da aka sauke wa kaya ya ɓalle, wani curi ya faɗa lungu, wani ya faɗo ciki ya same shi a kafaɗar hagu. Ya ji wani abu ya ce ƙas. Hannun ya saki. Ya maƙale gwafar da na dama da wuyansa, yana karanta abin da ya zo bakinsa, ƙarfen na ta wucewa kamar ba shi da ƙarshe.

Sai gwafar ta zama ba nauyi. Bakin ƙarfen ya ɗaga sama, ya yi lilo, ya zame ta kan bangon yamma, aka ji ya daki duro da ƙarar da ta kai tasha. Mudi ya faɗi zaune a kan tabarmar Barira, ruwa na dukan fuskarsa. Ya dubi gabas. Bangon ya rasa kansa, amma yana tsaye.

Sauran aikin a cikin ruwa aka yi shi. Ndagi ya tokare bangon da sanduna ta waje, yana zagin Katsinawa har kakanninsu. 'Yan dako suka kawo babban tamfol na rufe kaya, aka gitta katako, aka ja shi ya rufe ɗakin har ya sauko kan tsagar, aka danne gefunansa da duwatsu. Mata suka kwashe taɓo, suka kunna gawayi a kasko. Kafin kiran magariba aka sake ɗaga zannuwa, jiƙaƙƙu wannan karon, maza suka sake juya baya, takun nan ya koma inda ya fito.

Mudi na zaune a zaure, Rahmatu ta rataye masa hannu da ɗankwalinta, an tafi kiran mai ɗori. Tun da aka fito da shi ba ta matsa daga gefensa ba. Ishaku ya shigo da tabarma a hammata, ya shimfiɗa a kusurwa, ya ce motar ta kwana, shi ma ya kwana, gobe a gaya masa inda ake sayar da kwano mai kauri. Magdalene ta leƙo, ruwa na ɗiga daga haɓarta.

"Mudi, Mama ya aiko ni."

Mudi ya gyara zama, zafin kafaɗar ya sa shi runtse ido.

"Ya ce kusurwa na gabas yana yoyo, daidai kan gado. Ya ce maigidanka ba haka ya koya maka ba."

Ndagi ya fashe da dariya har da tari. Mudi ya ɗago kai ya dubi Ndagi.

"Bawana, ɗauki dutse ka je ka danne. Ka yi gyaran murya kafin ka jingina tsani, kuma kada ka leƙa."